Ɓauna ta Tsaya a Ƙofar Haikali

Singapore, 19 ga Fabrairu, 1995

Zuwa ga Goggo Buapan, ƙauyen Nong Hai.

Goggo, na haɗa hannu na gaishe ki. Ki gaishe min da mijinki Kawu Tongsuk. Ni lafiyata ƙalau, in ban da tarin siminti da kowa yake yi a nan. Yaya gwiwoyinki? Yaya Inna, tana cin abinci kuwa? Ki gaya min gaskiya. Kar ki rubuto min "tana nan lafiya" irin na mutanen garinmu, waɗanda ko rufin ɗaki ya faɗo musu a ka sai su ce 'yar iska ce ta shigo.

Ke na rubuta wa domin Inna ba ta karatu, kuma a duk dangi ke kaɗai ce ba za ki kai takardata shagon kofi rabin gari ya ji ba. Na san zumuncin namu ya yi nisa, kakanki da kakan Baba ne suka fito ciki ɗaya. Amma an ce ranar da aka ƙone gawar Baba ke kika riƙe Inna.

An ce. Duk abin da na sani an ce ne. Ina hawa na tara da bokitin kankare foman ya kira ni ya ce, mahaifinka ya rasu, ka huta yau. Ka huta yau! Fasfona yana cikin akwatin ƙarfensu, kwangila kuma ba ta san uba ba. Na zauna a kan bulo har aka tashi aiki.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ɓauna. Kin san akori-kurar Baba, wadda ya sayar da ɓaunayensa biyu ya sayo, ya sa mata sunansu. Shekararta goma sha bakwai. Mitarta ta daina juyawa tun ina ɗan sha biyar, a lokacin ma ta haura kilomita dubu ɗari huɗu. Tan biyu na rogo take ɗauka ta hau tudun makaranta a giya ta biyu, ko nishi babu. Shekarar da ruwa ya cinye gadar hanyar Kalasin, sababbin motocin 'yan kasuwa suna jere a bakin ruwa kamar kaji, ita ta ratsa da mutum goma sha ɗaya a baya da mai naƙuda a gaba. A nan garin mota ta shekara goma sai a kai ta a niƙa, wai ta tsufa. Ina kallonsu kawai.

Ina roƙonki, a lulluɓe ta da tamfol, a cire mata kan batir, kar kowa ya taɓa ta. Kowa, Goggo, har da Kawu. Na taɓa ganin yadda yake sa giya a tarakta, kamar mai jin haushin matarsa.

Saura min wata goma sha huɗu. Ina dawowa zan shiga ɗaukar rogo da rake da ita, in kwana a gida kullum, kuma ba wanda zai sake ganin ƙeyata a filin jirgi. Ita ce hanyata ta komawa gida, ba ni da wata.

Ki ce wa Inna ina kewar daddawar kifinta. Shinkafar nan ba ta danƙo, ka dunƙula ta watse a hannunka.

Ɗanki,
Sawai

*

Nong Hai, 20 ga Maris, 1995

Sawai ɗana,

Takardarka ta iso, mun gode. Gwiwoyina suna nan yadda ka bar su, ba su ƙaru ba, ba su ragu ba. Kawunka yana gaishe ka, ya ce a gaya maka taraktar tana nan da ranta. Zafi ya shigo da ƙarfi, tafkin gabas ya koma laka.

Ka ce in gaya maka gaskiya, to ga ta. Mahaifiyarka ba ta ci. In na kai mata abinci sai ta dunƙula shinkafa ta riƙe a hannu har ta bushe. Ta rame, zaninta sai ta naɗa shi sau biyu.

Sau uku ke nan tana mafarkin Yaya Kamdi, mahaifinka. Tana ganinsa a kan wata doguwar hanya ta jar ƙasa, a ƙafa, ba takalmi, yana tafiya yana waiwaye. Ta kira shi, ya ce mata, "Sida, hanyar da nisa, ƙafafuna sun gaji." Mutumin da ko shagon taba ba ya zuwa a ƙafa.

Ka san al'ada. Ranar sadakar kwana ɗari, abin da mamaci yake bukata a can shi ake miƙa wa limaman haikali a nan, ladan ya kai masa. Wasu tabarma da matashi suke kaiwa, wasu tukunya. Da mijin Nuan ya rasu keke aka kai. Mahaifiyarka ta ce ita motar za ta miƙa.

Kar ka zargi Luang Po Kam. Shi ne babba a haikalin tun kafin a haife ka, kuma bai roƙi komai ba. Da ta je masa da maganar cewa ya yi, "Ki tambayi ɗanki tukuna." Gaskiya haikalin ba shi da mota. Watan jiya da tsohon limamin nan mai ciwon suga ya faɗi, a bayan babur aka ɗaure shi da gyale aka kai shi asibiti.

Kwana ɗari zai cika ranar sha huɗu ga Mayu. Kai ne namiji ɗaya, yayyenka mata sun ce duk yadda aka yi daidai ne. Ka rubuto da wuri, kuma ka rubuto abin da zan iya karanta wa tsohuwa.

Na lulluɓe motar da kaina. Kaza ta riga ta yi ƙwai a bayanta, na bar ta.

Goggonka,
Buapan

*

Singapore, 9 ga Afrilu, 1995

Goggo,

Ina gaisuwa. Ina lafiya. Ina fata kuna lafiya, duk da ban ga alamar lafiya a cikin shawarar da kuke yi ba.

Mota? Wa haikali? Haba! Wa ya fara kawo wannan maganar, Inna ce ko tsofaffin nan da ke zaune a gindin tsamiya suna tauna ganye suna raba dukiyar mutane? Mijin Nuan keke aka kai masa saboda keken ba shi da sarƙa, kowa ya sani. Ku nuna min mutum ɗaya a lardin nan da ya miƙa abin da yake ci da shi. Mai shagon siminti da ya mutu bara, babbar motarsa aka kai? Fanka aka kai! Fanka mai tsayawa! Sai mu, da ba mu da komai sai ita, mu ne za mu yi gwaninta. Limaman da ko sitiyari dokarsu ta hana su riƙewa, me za su yi da ita? Su zagaye ta suna karatu? Waɗanda suka ƙoshi da abincin da matan gari ke kai musu kowace safiya, yanzu har motar maraya ta shiga kwanonsu? Ban yarda ba, kuma duk wanda ya sa hannu a makullin nan, ko gashinsa ya yi fari kamar auduga, sai mun haɗu.

Na karanta littattafan addinin nan da kaina, Goggo, ba ji na yi a bakin wani ba. Ban ga inda aka ce mamaci yana karɓar mota da lambarta ba. Kin san aji biyu na yi Baba ya cire ni, kuma a littafin motar nan na haɗa baƙi na koyi karatu, ina kwance a ƙarƙashinta ina miƙa masa sifana. Kalmar farko mai tsawo da na karanta da kaina sunan wani ƙarfe ne a cikin injinta. Ita ce makarantata. Ita za ku ɗauka ku bayar saboda mafarki.

Maganar ƙafafunsa kuwa. Baba bai taɓa tuƙi da takalmi ba, cewa yake sai da tafin ƙafa ake jin abin da inji ke faɗa. Dunduniyarsa duk faso, har tsinke yana shiga. In muka dawo daga kai rogo ni nake kawo masa ruwan ɗumi a roba, ya tsoma su ya lumshe ido ya ce, "Wanda ya ƙera mota ya shiga aljanna." Tun da na karanta takardarki nake ganin ƙafafun nan a kan jar ƙasa. Da ana zuwa wurin da ni zan je in goya shi. Duk abin da nake da shi zan bayar ya huta.

Amma ba haka ake yi ba! Ku saya masa takalmi ku kai. Ku kai guda goma!

Mako mai zuwa bikin watsa ruwa na sabuwar shekararmu ne. A nan aiki za mu yi. Bara waccan ni na tuƙa ta, duro huɗu a baya, muka jiƙa har ɗan sandan kan mararraba, ya bi mu da gudu yana dariya. Ki watsa wa Inna ruwa a hannu a madadina.

Sawai

*

Nong Hai, 21 ga Mayu, 1995

Sawai,

Muna lafiya. Ruwan farko ya sauka ranar Laraba, an fara gyaran iri. Mahaifiyarka tana ci yanzu, jiya har ta daka kwaɗon gwanda da kanta ta ce nawa ba yaji.

Zan gaya maka abin da ya faru a jere, ka karanta har ƙarshe kafin ka yaga.

An miƙa motar.

Takardarka ta iso tun kafin ƙarshen Afrilu. Ranar da mai wasiƙa ya kawo ta a gidanku ya same ni, gidan cike yake, ana shirin sadaka. Dattawa huɗu suna zaune, Luang Po Kam ma ya zo duba ranar da ta dace. Mahaifiyarka ta ce, "Buɗe, Buapan, karanta kowa ya ji abin da ɗana ya ce." Na buɗe. Idona ya sauka a kan kwanon limamai, ga Luang Po zaune taku uku daga inda nake. Ka gaya min, da wane baki? Na tsallake. Na tsallake masu tauna ganye, ga su a gabana suna taunawa. Na yi ta tsallake zagi ina neman inda ka ce a'a a tsabtace, yadda zan iya ɗaukowa, ban samu ba. Duk a'arka a cikin ashar ka naɗe ta, ba ta ciruwa ita kaɗai. Abin da ya rage mai karantuwa shi ne gaisuwa, da ruwan ɗumi a roba, da inda ka ce duk abin da kake da shi za ka bayar ya huta.

Mahaifiyarka ta rufe fuska da gyale ta yi kuka ta ce, "Na san ɗana." Dattawa suka ce an haifi ɗa. Da yamma ta cinye kwando guda na shinkafa, karo na farko tun Fabrairu.

Na yi niyyar in same ta ita kaɗai in gaya mata sauran. Kwana ashirin ina niyya. Ba zan ce maka mantawa na yi ba. Na ga tana ci, na yi shiru. Wannan laifina ne, ka ɗora min shi ni kaɗai.

Ranar sadaka an wanke motar, an rataya mata furanni, an ɗaura farin zare daga madubinta zuwa hoton mahaifinka. Kawunka ne ya tuƙa, kar ka ce komai. Bugu ɗaya ta tashi, bayan wata uku a kwance, har mutane suka yi sowa. Ta fita daga gida, ta wuce rijiya, ta wuce makaranta, muna biye da ganguna. Tana sa ƙafafun gaba a ƙofar haikali sai ta yi tari sau biyu ta mutu. Aka yi aka yi ta ƙi. Tsohuwa Nuan ta durƙusa a wurin ta ce, "Ya karɓa! Kamdi ya karɓa!" Kowa ya durƙusa. Aka tura ta gindin tsamiyar haikali, aka zuba ruwan lada.

Tana can har yau. Mutane sun ce alama ce.

Buapan

*

Singapore, 4 ga Yuni, 1995

Goggo,

Gaisuwa, tun da ita kaɗai kike iya karantawa. Ina lafiya. Ki karanta musu wannan, sai ki tsallake sauran.

Mako shida ina zuwa ofis kullum ina tambayar wasiƙa, har magatakardan ya fara ɓuya in ya hango ni. Ashe kuna can kuna kaɗa ganguna.

Ke na zaɓa a duk dangi. Na ce ke ce ba za ki kai takardata shagon kofi ba. Gara ma shagon kofi, su da sun karanta duka.

Kin san abin da kika bayar? Ba mota ba ce. Wata goma sha ɗaya ne suka rage min, kullum in na hau ƙarfen nan ina lissafa hanyar da zan bi: daga gona zuwa ma'auni, daga ma'auni zuwa gida, Inna a ƙofa. Yanzu in dawo in yi me? In yi wa wani dako a gonarsa? Foman ya riga ya tambaye ni ko zan ƙara shekara biyu, na zage shi a raina. Yanzu shi zai yi dariya.

Alama kuma! Ki gaya wa tsohuwa Nuan ta tashi, gwiwarta za ta yi ciwo a banza. Na san abin da ya tsayar da Ɓauna. Na san tazarar da ke tsakanin gidanmu da ƙofar haikali, da kin tambaye ni da na gaya miki daidai inda za ta mutu, ko taku goma ba zan kuskure ba. Ba mamaci ba ne, ba aljan ba ne. Mutum biyu ne a duniya suka san shi, ɗaya kun ƙone shi ban gani ba.

Ba zan faɗa ba. Ta zauna a gindin tsamiyar. In suka gaji da kallonta su mayar mana da abinmu.

Sawai

*

Nong Hai, 13 ga Agusta, 1995

Sawai ɗana,

Muna lafiya, ina fata kai ma haka. Na yi shiru wata biyu. Rabi dashen shinkafa ne, bayana har yanzu bai miƙe ba. Rabi kuma fushi ne, ni ma ina da zuciya. Na huce.

Akwai abin da ka manta saboda daɗewa a garin mutane. Abin da aka miƙa wa haikali ba ya komawa gida. Ko tsintsiya ce. Ko Luang Po da kansa ya turo ta ƙofarku, mahaifiyarka ba za ta buɗe ba, kuma ba mai ba ka rogonsa ka ɗora a kan kayan mamaci da aka ƙwato. Wannan ƙofar ta rufe, ni na taimaka aka rufe ta, na sani. Amma ka daina jiran abin da ba zai zo ba.

Ga halin da ake ciki. Damina ta same ta a waje. Tayoyin baya sun fara nutsewa, ganyen tsamiya ya cika bodin ya ruɓe, ɓeraye sun shiga ciki. Kwamitin haikali ya kawo makanike daga gari. Ya buɗe bonet, ya leƙa, ya sha kofi biyu, ya ce famfon mai ya mutu, gyaransa ya fi ƙarfin tsohuwar mota. Sai kuma ya ce, don taimako, zai saye ta. Zai cire injin ya ɗora a keken gona, ya yanka bodin ya sayar wa masu ƙarfe. Kawunka ya ce tun da yake bai taɓa ganin mutum yana shafa abin da ya ce ya mutu haka ba.

Kwamiti ya yarda. Luang Po ne ya ce a jira ƙarshen zaman damina na limamai, farkon Oktoba. In ba ta tashi ba kafin nan, a ba shi.

Mahaifiyarka ba ta san ka san komai ba. Kullum da safe in ta kai abinci haikali sai ta tsaya ta goge gilashin da gefen zaninta. Da farko ta yi murna da alamar. Yanzu ta fara cewa, "Buapan, in a nan a tsaye take, can ma ai a tsaye take."

Ba na roƙonka don haikali, ba kuma don kaina ba. Kai ka ce shekararta goma sha bakwai ba ta taɓa barin kowa a hanya ba. In ka ga ta ƙare a hannun mai yanka ya fi maka, shiru ma amsa ce.

Goggonka,
Buapan

*

Singapore, 3 ga Satumba, 1995

Goggo,

Na haɗa hannu na gaishe ki. Ki shafa wa bayanki man zafi, ki daina dashe, kina da surukai. Ni lafiya, na taka ƙusa amma ta warke.

Famfon mai ya mutu! Ɓarawo ɗan ɓarawo. Famfon nan zai binne shi ya binne jikokinsa. Kar ku sake barinsa ya matso kusa da ita, ko inuwarta kar ya taka.

Kwana goma takardarki tana aljihuna. Na rubuta amsa uku na yaga, domin duk ba masu karantuwa ba ne. Wannan ki karanta wa Kawu ita duka, a hankali, sau biyu. Ban sa zagi ba sai kaɗan.

Shekarar da ɓarayi suka addabi lardin suna tsallakar da motoci hayin kogi, Baba ya sa wa layin mai wani ɗan famfo na rufewa, irin na tukunyar gas. Duk inda ya ajiye ta sai ya rufe. In ɓarawo ya tayar za ta tashi lafiya, ta yi tafiya da ɗan man da ya rage a cikin tacen mai, sannan ta mutu masa a hanya. Ranar da ya ajiye ta ya tafi asibiti ya rufe, kamar kullum. Bai san ba shi zai buɗe ba.

Kawu ya kwanta a ƙasa ta gefen hagu, gaban tayar baya. Ya zura hannu cikin ƙarfen shasi, har gwiwar hannu. Zai ji wani abu kamar dunƙulen laka naɗe da tsohuwar roba. Ya ɓare. Ya murɗa kan famfon ya miƙe da bututun.

Kar ya buga tukuna! Na san shi, zai yi tsalle ya kama makulli. Iska ta cika layin. A fara kai batir caji. A juye baƙin mai a sa sabo, a buɗe gidan iska a fitar da gidan ɓeraye. A kwance ƙasan tanki kaɗan, ruwan da ya taru ya fita. Sannan a saman tacen mai akwai ƙaramin noti, ya sassauta shi, ya yi ta danna famfon hannu da ke gefe har kumfa ta ƙare mai ya fito tas. Zai gaji, ya ci gaba. Ya ɗaure. Ya sassauta notin bututu biyu a kan inji, ya buga har su tofar da mai, ya ɗaure. Sai ya kunna hita ya ƙirga ashirin. Ashirin na mutane, ba nasa na sauri ba.

Kafin ya murɗa ya haɗa hannu ya gaishe da sitiyarin. Baba bai taɓa tayar da ita bai yi haka ba. Ni ban ce yana ƙara komai ba, amma ya yi.

In ta tashi kar ya taka totur kamar mai kashe maciji. Ya bar ta ta yi zafi da kanta. Ba ta son a sa mata giya ta biyu da ƙarfi, a ɗan jira ta, za ta shiga. Kuma kar a ajiye ta ana yi mata ado. Irinta zama ne yake kashe su. A ɗora mata yashi, a ɗora mata marasa lafiya, a kai ta kasuwa, kullum ta fita ko da zagaye ɗaya ne. In aka yi haka za ta ƙara wata sha bakwai.

Na sa hannu a takardar foman. Shekara biyu. Kar ki gaya wa Inna yanzu, ki bari sai bayan girbi. Wannan karon ni na ce ki tsallake.

Abu ɗaya nake so. Nuan tana da rediyo mai ɗaukar murya. Ranar da za a tayar, a sa sabon kaset, a ajiye rediyon a kan taya ta gaba, a ɗauko min ƙarar injin. Kar kowa ya yi magana, kar a kaɗa ganga. Injin kawai.

Ɗanki,
Sawai

*

Nong Hai, 24 ga Satumba, 1995

Sawai ɗana,

Muna lafiya ƙalau. Ta tashi.

Kawunka ya fito daga ƙarƙashinta kamar an tono shi, kunama ta harbe shi a yatsa, bai ko kula ba. A bugu na uku ta kama. Hayaƙi ya rufe tsamiya, ɓera biyu suka fito ta salansa da gudu. Washegari ta kai yashi sawu huɗu, rana ta uku kuma ta kai tsohon limami asibiti a zaune kamar mutum. Makaniken ya zo ya tsaya daga nesa, Kawunka ya danna masa hon.

Luang Po ya tambaye ni wa ya gano ciwon. Na ce kai ne. Ya ce, "Ashe bayan zagin ya iya wani abu." Ashe ya ga takardarka ta Afrilu a hannuna ranar da na karanta ta a gidanku, ya ce shafi biyu ba sa ƙarewa a numfashi uku.

Ga kaset. Ka yi haƙuri, na hana kowa magana amma mahaifiyarka ta ƙi.

Goggonka,
Buapan

*

Singapore, 8 ga Oktoba, 1995

Goggo,

Gaisuwa mai yawa. Ina lafiya. Kaset ya iso ranar Juma'a, sai yau Lahadi na sami aron rediyo. Na hau saman ginin da rana tsaka inda ba kowa, na kunna.

Ita ce. Ko a cikin mota dubu zan gane ta. Na ji inda ta yi tari, na ji inda ta daidaita. Na ji Inna tana cewa, "Hau mana, Kamdi, me kake jira?" Wurin nan na mayar sau nawa ban sani ba, har mai rediyon ya hawo ya ce zan cinye masa batir.

Amma ku duka kurame ne? Mutum nawa ne a wurin, ba wanda ya ji wannan tsuwar? Can ƙasa-ƙasa, bayan minti biyu, kamar kukan ɗan tsako. Fambel ne ya saki! In aka bar shi haka zai tsinke a hanya, ta yi zafi, ku ce wata alamar ce. Kawu ya sassauta notin dinamo, ya ja shi baya da ƙarfe, ya ɗaure. In ya danna bel ɗin da babban yatsa kar ya nutse fiye da faɗin yatsan.

In ya gama a sake ɗauko min wani kaset in ji ko ya yi daidai, don ban yarda da kunnensa ba. Wannan karon a ajiye rediyon a kujerar gaba, a fita da ita hanya, a bi ta tudun makaranta a sauka har ƙofar gidanmu. A cika fuska biyun kaset ɗin duka. In Inna ta yi magana a bar ta.

Ɗanki,
Sawai